Bangon Gabas

Makulli ya ƙi juyawa, sai da Arzika ya sa guduma.
Ƙofa ta yi kukan akuyar da aka taka,
jemagu uku suka fice ta bisa kawunanmu
kamar 'yan haya da bashi ya kora.

Ɗakin sikawut ke nan, bayan makaranta, a Rijiyar Dorowa.
Kwano ya huje wuri bakwai, ni na ƙirga,
rana na zubowa ta ciki tsaye-tsaye kamar rake.
Gara ta cinye allon koyon ƙulli,
ta bar mana ƙusoshi da sawun igiya.
Ganga ta fashe. Tuta ta zama katifar ɓera.

Mu goma sha ɗaya ne, ba mai albashi.
Kuɗin siminti da wankin babura muka tara su,
Tsahara ta sayar da zoɓo Asabar shida,
Mande ya aro baro wurin kawunsa
da sharaɗin ya dawo kafin magariba, da tayarsa.

Zafin Sakkwato bai san aikin sa kai ba.
Kafin hantsi riguna sun manne da baya,
ruwan jarka ya koma kamar na shayi.
Yalli ya rantse ya iya yaɓe,
bangonsa ya fito da tumbi kamar ya ƙoshi da fura.
Muka yi dariya har cebur ya faɗi,
muka rushe, muka sāke.

Ni aka ba bangon gabas da guntun ƙarfe.
Ina kankare koren fenti, sai fari ya leƙo,
ƙarƙashin farin kuma, ga layukan biro,
gajeru, a jere, wani bisa wani,
kowane layi da suna a gefensa:
yaran da suka jingina a nan aka auna tsayinsu
tun ba a haifi ɗayanmu ba.

Arzika ya matso, ya goge da babban yatsa.
"Kai, wanga ba sunan tsohonka na ba?"

Labbo Ɗan'ige.
Layin bai kai kafaɗata ba.

Babana, mai faci a bakin titi,
wanda ya ce da ni ranar da na ɗaura ƙyalle a wuya:
gajeren wando da busa usur,
wa ya taɓa cin tuwo da su?

Aka ja musu. Yalli ya ce a shafe,
fenti ɗaya, bango ɗaya, aiki ya yi kyau.
Tsahara ba ta ce komai ba,
ta tsoma buroshi a shuɗi,
ta kewaye sunayen da layi huɗu
kamar taga.

Da la'asar tsaninmu ya karye,
aka aike ni gida aro.
Da kansa ya ɗauko shi, wai kar in ɓata masa.
Ya shigo yana duban kwano, yana tsaki,
ya tarar da Mande na fama da igiyar tuta.
"Ba haka aka ɗamri ba."
Ya karɓa. Yatsun nan da taya ta baƙanta
suka juya sau biyu, ƙulli ya zauna.
Ko kallonsa bai yi ba.

Sannan ya waiga gabas.
Ya daɗe.
Ya ɗora tafinsa bisa layin, daidai aljihun rigarsa,
kamar mai dafa kan yaro.
Ya ce a mayar masa da tsani kafin duhu,
ya fita.

Cikin dare, da fenti a farcena,
na ji ana jan tsohon akwati a ɗakinsa,
ana zazzage tarkace a hankali.

Da asuba zan sa takalmi,
wani abu ya tokare mini yatsa.
Usur ne, na ƙarfe, ya yi tsatsa a baki.
Na busa.
Har yanzu yana kira.